Yadda mai dajin furostet zai ci kattan ba tare da ya saki maganin asibiti ba

Bayan maganin suga da na hawan jini, abin da aka fi tambayata a wurin aikina a 'yan shekarun nan shi ne kattan, wato 'yar ƙwayar nan da ake kira Flaxseed da Turanci. Mai tambayar kuma galibi ba shi ne marar lafiyar ba. Ɗa ne ko 'ya, ko uwargida, an ce musu Baba yana da daji a furostet, sun kuma ga wani bidiyo a waya ana cewa akwai kafson tataccen kattan da ke narkar da ciwon. Sana'ata harhaɗa magunguna, kuma ni ma na ba hamsin baya, don haka maganar ba ta wasu ba ce a wurina. Amsar da nake bayarwa ɗaya ce kullum. Kattan abinci ne mai kyau, akwai ɗan dalili na ilimi da zai sa mai wannan ciwo ya riƙa cin sa, amma tare da maganin likita ake ci, kuma garin ƙwayar ake ci. Kafso da mai a bar su a shago.

Kafin a sayi ko gwangwani ɗaya, a fara sanin abin da ke damun mutumin. Furostet wata 'yar tsoka ce da maza kaɗai ke da ita, tana ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye bututun da fitsari ke bi. A jikin saurayi ba ta wuce girman goro ɗaya ba. Idan shekaru suka ja takan ƙara girma ta matse bututun, sai dattijo ya fara tashi sau uku sau huɗu cikin dare, ya tsuguna ya daɗe kafin fitsarin ya zo, in ya zo kuma a tsittsinke, ya yi tsarki ya ɗaura alwala sai ya ji ɗigo a wando. A wajenmu sai a ce sanyi ne, wani ya ce basir, a yi ta shan jiƙo shekara da shekaru. Yawancin masu waɗannan alamu kumburin tsufa ne kawai gare su, wanda ba daji ba ne. Shi kuwa dajin, a farkonsa sau da yawa ba ya nuna komai. Don haka ba a gane shi da ido ko da labari. Jini ake ɗiba a auna PSA, wani sinadari da furostet ke fitarwa wanda yakan ƙaru in tana da matsala, likitan mafitsara ya sa safar hannu ya taɓa furostet ɗin ta dubura, in ya ga dalili a yi hoto, sannan a tsakuro ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji. Wannan naman ne ke tabbatar da daji ko rashinsa, shi ne kuma ke ba da lambar Gleason, daga 6 zuwa 10, mai nuna zafin ciwon. Na san gwajin yatsan nan ne ke korar iyayenmu daga asibiti. Alhaji, minti ɗaya ne, kuma a bayan labule. Dajin furostet shi ne ya fi kowane daji kama maza a Najeriya, kuma ya fi matsa wa baƙar fata: a Birtaniya lissafi ya nuna baƙar fata ɗaya cikin huɗu zai gamu da shi a rayuwarsa, alhali a maza baki ɗaya ɗaya ne cikin takwas. Asibitocin koyarwa na Kano, Shika, Sakkwato da Maiduguri duk suna da likitocin mafitsara.

To, me aka gano game da kattan? Binciken da kowa ke jingina da shi, har masu tallan kafso, an yi shi ne a Amurka, ƙarƙashin Wendy Demark-Wahnefried ta Jami'ar Duke, aka wallafa shi a 2008. Maza 161 ne, duk an tabbatar suna da dajin, duk an sa musu ranar tiyatar cire furostet. Aka kasa su gida huɗu da ƙuri'a. Kashi ɗaya suka ci gaba da cin abincinsu yadda suka saba, kashi ɗaya aka ƙara musu garin kattan giram 30 kullum, kashi ɗaya aka rage musu maiƙo a abinci, na huɗu aka haɗa musu duka biyun. Kimanin kwana 30 suka yi a haka kafin ranar aiki. Da aka ciro furostet ɗin aka duba shi a madubin ɗakin gwaji, ana ƙirga ƙwayoyin dajin da ke cikin rabuwa suna hayayyafa. A jikin waɗanda suka ci kattan, wannan adadi ya yi kusan rabin na waɗanda ba a canza wa abinci ba.

Wannan abin farin ciki ne, kuma shi ya sa ba na hana kowa. Amma a duba sauran labarin. PSA ɗinsu bai bambanta da na sauran ba. Wata ɗaya kacal aka bi su, don haka binciken bai auna tsawon rai ba, bai auna ko ciwon ya daina bazuwa ba. Sannan babu ko mutum ɗaya a cikin 161 ɗin nan da aka ce ya fasa tiyata ya koma cin kattan. Dukkansu tiyata aka shirya musu. Wanda ya ɗauki wannan bincike ya ce maka ka bar asibiti, ya ɗora wa binciken abin da bai faɗa ba.

Sinadarin da ake zaton shi ke aikin sunansa lignan, kuma da wuya ka sami abincin da ya kai kattan yawansa. Idan ya isa babban hanji, ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a can su ke sarrafa shi ya koma wani abu mai ɗan kama da sinadarin mata, amma mai rauni ƙwarai. Dajin furostet kuwa da sinadarin maza yake girma, abin da Charles Huggins ya nuna tun 1941, wanda har yau a kansa aka gina allurar da ake yi wa masu ciwon. A kwanon gwaji da jikin ɓeraye an ga lignan yana rage wa ƙwayoyin dajin gudu. Daga ɓera zuwa ɗan Adam kuwa akwai tafiya.

Dalilin da ya sa nake cewa a bar kafso shi ne ba kafso aka gwada a masu dajin ba, garin ƙwayar aka gwada, da ɓawonta da manta da duk abin da ke ciki. An yi wani gwaji a China, aka wallafa a 2008, inda aka gwada tataccen lignan a kan maza 87 na wata huɗu, fitsarin waɗanda suka sha ya ɗan sami sauƙi, amma su kumburin tsufa ke gare su, ba daji ba. Kuma tarihi ya koya mana cewa abin da ke da amfani a cikin abinci, in aka tsamo shi aka dunƙule a ƙwaya, yakan juya. A Amurka an gwada sinadarin bitamin E da selenium a kan maza sama da 35,000 da fatan kare su daga dajin furostet. Sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna masu shan bitamin E ɗin sun fi kamuwa da kashi 17 cikin ɗari. Akwai kuma wani haɗin ganye mai suna PC-SPES da masu wannan ciwo suka yi ta rububinsa saboda yana saukar da PSA. A 2002 aka janye shi daga kasuwa, bayan an gano akwai magungunan asibiti a cikinsa da ba a rubuta a kwali ba, har da warfarin mai tsinka jini. Lambar NAFDAC a jikin kwalba ma ba shaida ba ce cewa abin yana maganin daji.

Man kattan kuwa, idan aka matse shi, lignan ɗin a tunkuzar yake zama, man ya fita kusan babu shi. Abin da ya cika man shi ne wani nau'in omega-3 na tsirrai, wanda wasu manyan bincike suka alaƙanta yawansa da daji mai zafi, wasu kuma ba su ga alaƙar ba. Tunda masana ba su daidaita ba, kuma abin da kake nema ba ya ciki, babu dalilin shan sa cokali-cokali. Akwai ma man kattan na masu fenti da kafintoci, wanda ake shafa wa katako. Wannan guba ne, kada ya kusanci baki.

Yanzu sai saye. A shagunan magungunan Musulunci sunansa bizrul kattan, a manyan kantuna kuma za ka ga an rubuta Flaxseed ko Linseed a jikin leda. Yawancinsa daga waje yake zuwa, don Kanada, Rasha da Kazakistan ne manyan masu noma shi, Habashawa ma suna noma shi, har suna yin abin sha da shi da suke kira telba. Ƙwayar ta ɗan fi riɗi girma, a baje take, gefe ɗaya da tsini, tana sheƙi, launinta ruwan ƙasa ko ruwan zinare, kuma duka biyun ɗaya suke wajen amfani. Ka zuba kaɗan a tafin hannu za ka ji tana sulɓi tana neman zamewa ta tsakanin yatsu. In kana shakka, jiƙa rabin cokali a ruwa, bayan ɗan lokaci za ka ga yauƙi ya kewaye kowace ƙwaya. Na sha ganin an kawo mini hulba ko zamantarore a ƙulli an ce kattan ne, don haka a duba da kyau. Ka sayi ƙwaya, kada ka sayi gari, domin ba ka san ranar da aka niƙa shi ba, ba ka kuma san abin da aka gauraya ba. Ka sansana. Mai kyau ƙamshinsa kaɗan ne, irin na gyaɗa. In ka ji warin fenti, ko ka tauna ka ji ɗaci da maƙaƙi a maƙogwaro, ya lalace. Irin shuka ma ba na ci ba ne, don akan yi masa maganin ƙwari.

A gida a bakace shi a faifai, a tsince tsakuwa. Kada a wanke da ruwa, yauƙin zai dunƙule shi ya ƙi bushewa. Niƙa shi dole ne, domin ɓawon yana da tauri, wanda ya haɗiyi ƙwayar yadda take haka za ta fita a bayan gida. Ƙaramin kofin bilenda na busassun kaya shi ya fi, a kunna a kashe, a kunna a kashe, don in aka bar shi yana ta juyawa zai yi zafi ya fitar da mai ya cure. Turmin ƙarfe na kayan yaji ma yana yi, sai dai a riƙa zuba kaɗan-kaɗan saboda tsalle yake yi. Ba na son a kai shi injin unguwa, ga ragowar barkono da masara, ga zafin inji. Da zarar an niƙa, man da ke ciki ya haɗu da iska ya fara lalacewa, kuma zafinmu na bazara ba ya ɗaga masa ƙafa. Mai firji da wuta tsayayya ya niƙa na mako ɗaya, ya zuba a kwalba mai murfi. Wanda ba shi da su ya niƙa na kwana biyu ko uku, ya ajiye kwalbar a inuwa, nesa da murhu da taga. Ƙwayar da ba a niƙa ba takan yi watanni a busasshen wuri.

Giram 30 ɗin da aka yi amfani da shi a binciken ya kai babban cokali uku masu tozo. Nan ne iyaka, ba nan ake farawa ba. Wanda ya fara da uku ran farko, kumburin ciki da iska za su sa ya rantse ba zai ƙara ba. A fara da cokalin shayi ɗaya na kwana uku ko huɗu, sannan babban cokali ɗaya na mako guda, sannan biyu. In ciki ya karɓa a kai uku, in bai karɓa ba a tsaya a biyu, babu laifi. Kuma a raba, ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da yamma. Rabawar tana da dalili bayan na ciki. Kattan yana ɗauke da kaɗan daga irin gubar nan da ke cikin rogo mai ɗaci. Jikin babba yana iya sarrafa ɗan abin da ke cikin cokali ɗaya, zafin girki ma yana rage ta, amma ba a kamfatar garin da yawa a zama ɗaya, ba a kuma ba ƙananan yara.

Wajen ci, kunu da koko sun fi sauƙi. A dama kunun, a zuba a kofi, sannan a barbaɗa garin a juya a sha nan take, don in ya jima sai ya yi kaurin da dattijo zai ture. Yana shiga fura da nono sosai, har ba a jin sa. Yana shiga kindirmo, da faten wake, da ƙullin alale. A miyar kuka ko kuɓewa a bari sai an zuba wa Baba tasa a kwano sannan a sa, yauƙin ya ɓace a cikin yauƙi. Kada a soya shi a mai. A kuma ja hannu da suga, musamman ga mai karɓar allurar rage sinadarin maza, don allurar da kanta tana kawo ƙiba tana kuma iya tayar da suga.

Ruwa shi ne inda aka fi samun matsala, kuma ina roƙon masu jinya su kula. Kowane cokali yana son cikakken kofin ruwa a bayansa. Kattan yana tsotse ruwa ya kumbura a hanji, in bai samu ba sai ya cushe, abin da aka sha don laushin ciki ya koma taurin ciki. Mai matsalar fitsari kuwa da ma ya saba ƙaurace wa ruwa don gudun tashin dare da karyewar alwala. Mafita ita ce ya sha yawancin ruwansa daga safe zuwa la'asar, cokalin ƙarshe ma kada ya wuce la'asar, sannan ya rage bayan magariba. Da azumi a koma cokali ɗaya ko biyu, ɗaya bayan an ci abincin buɗa baki, ɗaya da sahur, kowanne da ruwansa. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda, kada ya fara sai ya tambaya.

Ga ɓangaren da ya fi shafar aikina. Yauƙin kattan yana iya riƙe maganin da aka haɗiya ya rage shigarsa jini, don haka a bar tazarar awa biyu tsakaninsa da kowace ƙwayar magani. Mai shan warfarin, asfirin ko clopidogrel ya gaya wa likita tukuna, saboda kattan na iya ƙara tsinka jini. Mai shan maganin suga ko allurar insulin ya riƙa auna sugansa a makonnin farko. Mai shan maganin hawan jini, musamman in an haɗa masa da tamsulosin na buɗe fitsari, ya lura da jiri idan ya miƙe. Wanda ake ba tramadol, codeine ko morphine saboda ciwon ƙashi, cikinsa yakan ɗaure, kuma irin wannan ɗaurewar ba kattan ke kwance ta ba, yana iya ma ƙara ta, akwai maganin da likita ke rubutawa dominta. Wanda aka taɓa yi wa aikin hanji, ko yake da wahalar haɗiya, ya haƙura da shi. Idan an sa ranar tiyata ko ranar tsakurar nama, likitan ne zai faɗi ranar da za a dakata. Haka mai zuwa gashi da na'ura, wato ƙona dajin da hasken na'ura, don a lokacin ana son dubura ba iska ba kashi, kuma sukan ba da nasu tsarin abincin. In aka rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, misali bayan an sa robar fitsari, a shanye shi duka. Zai rage ƙwayoyin hanjin da ke sarrafa lignan na wani lokaci, amma maganin ya fi muhimmanci.

Mutane da yawa suna ɓoye wa likita abin da suke sha a gida don gudun faɗa. Kada a ɓoye. A ɗauki ledar a tafi da ita, a ce, "Likita, ga abin da muke son ƙara wa Baba a kunu, cokali kaza a rana, akwai matsala da magungunansa?" A kuma sayi ƙaramin littafi na musamman. Shafi ɗaya na PSA, kwanan wata da lamba. Shafi ɗaya na ranakun allura. Shafi ɗaya na duk abin da ake sha, na asibiti da na gida, da ranar da aka fara.

Littafin nan yana kare iyali daga kuskuren da ya fi ci mini rai. Ana fara wa mutum allurar rage sinadarin maza, wato goserelin ko makamanciyarta, ta wata-wata ko ta wata uku, a daidai lokacin kuma a fara ba shi kattan. Bayan 'yan watanni PSA da ke ɗaruruwa ya faɗo ƙasa warwas, ciwon baya ya lafa, Baba ya koma masallaci da ƙafarsa. Sai 'yan uwa su ce ai kattan ɗin nan ne, allurar kuma ga tsada, a dakata da ita. Allurar ce ta saukar da PSA, don a binciken Duke ma kattan bai taɓa shi ba. Idan aka dakata, sinadarin maza ya dawo, dajin ya farka, kuma sau da yawa ba a ganewa sai ya ƙara cin ƙashi. In kuɗin allura ya gagara, wannan magana ce da za a kai wa likita kai tsaye. Akwai ƙaramar tiyatar cire 'ya'yan maraina da ke yin aikin allurar, sau ɗaya ake yi an gama. Magana ce mai nauyi ga namiji, shi ne kuma mai yanke hukunci, amma ya kamata a gaya masa tana nan. Kuɗin da za a zuba a kafso wata bayan wata, a tara shi a yi gwajin PSA a kan lokaci, a sayi allura, a biya kuɗin mota zuwa asibiti.

Akwai alamun da in aka gan su ba a jiran ranar ganin likita. Idan ciki ya kumbura yana murɗa, ba bayan gida ba iska, ko ana amai, a daina kattan a tafi asibiti. Idan fitsari ya tsaya cak mara ta cika, ko ana fitsarin jini da gudaji, a tafi. Mafi gaggawa shi ne sabon ciwon baya mai tsanani tare da nauyin ƙafafu, ko jin ƙafa ta mutu, ko fitsari da bayan gida suna zuwa ba a sani ba. Wannan yana iya nufin dajin ya danne lakar ƙashin baya, kuma jinkirin kwana ɗaya na iya hana mutum sake tafiya. Ba a kai shi wurin mai ɗori ko mai tausa. A kwantar da shi a mota, a nufi sashen gaggawa na babban asibiti ko da tsakar dare ne, a gaya wa likitan farko da aka gani cewa yana da dajin furostet.